Abin da Na Tura Cikin Rediyon Motar Yaya

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa Hindatu ta cika sanyi, Hindatu ba ta da baki, yau sai ku gyara zama. Na san in kun gama karanta wannan wasunku za su zage ni, kuma ba zan ce kun zalunce ni ba. Roƙona ɗaya ne, ku bar ni in kai ƙarshe tukuna.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce autar Inna Ma'u. Muna zaune a Dogon Dutsi, a gidan yayana Abdurrahman mai shagon shinkafa da mai a bakin kasuwa. Babanmu ya rasu shekara shida ke nan, motar 'yan kasuwa ta kife da su a hanyar Sukukutane. Tun daga ranar Yaya ya zama uba, ya kwaso mu daga Geceme ya kawo mu gari. Rabilu kuwa shi ne wanda nake so. Mai gyaran wutar mota ne, rumfarsa na kusa da tasha, dogo ne siriri, dariyarsa ta fi maganarsa yawa. Sau biyu manyansa suna zuwa neman aurena, sau biyu Yaya yana ce musu yana kan bincike. Binciken da ya shekara bai ƙare ba, ko ɓarawon shanu ake nema ai da an gano shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, kuma in ban faɗa ba yau ba za ku gane komai ba. Inna 'yar bori ce tun tana budurwa, kamar uwarta. A Geceme wannan ba abin ɓoyo ba ne. Yaya kuwa tun da ya shigo gari ya kama karatu, ya ɗage wando, ya tsani duk abin da ya shafi iskoki kamar ya mutu. Watanmu biyu da zuwa ya gano wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Inna. Ya fito da shi tsakar gida ya zazzage, ga farin zanen doguwarta, ga 'yan layu, ga turare, ya tuttula kananzir ya ƙyasta ashana. Inna ta kai hannu cikin wutar za ta ciro zanen, ya fizge ta ya yar gefe, kanta ya bugi turmi. Har yau bayan hannunta na dama fari ne tas, fatar ta tattare. A ranar, tana kwance jini na bin kunnenta, ya ɗaga yatsa ya ce:

“Wallahi, ranad da nas sake ganin irin abin ga cikin gidana ko cikin kayana, Geceme za ni maishe ki. Ba ni sake taka inda kike, ko gawarki ba ni yi ma salla.”

Duk wanda ya san Yaya ya san ba ya mai da rantsuwa.

To bara ya sayi mota, wata 'yar Kwatano ruwan toka, ya fara bin kasuwannin ƙauye da kaya, yau Tibiri, gobe Sukukutane. Hanyar da ta ci mijinta ita ɗanta yake bi duk mako. Inna ta daina cin abinci ranar da zai yi tafiya. Sai ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana tsinke zogale, ganye na zuba ƙasa, itacen na shiga kwano, ba ta ma sani ba. Wata safiya Yaya na wanka ta jawo ni ɗaki, ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini wata 'yar laya, jar fata, an ɗinke ta da baƙin zare, da wuri ɗaya a jiki.

“Sa mani ita cikin motatai, inda hannu ba ya kai,” ta ce. “Kak ki hwaɗa mani ko ina ne.”

Na ce, “Inna, kin manta rantsuwa?”

“Ban manta ba. Gara shi kore ni shina da rai.”

Na ɗauki makulli a kan taga na shiga motar. Ƙarƙashin kujera masu wankin mota suna kai hannu. Aljihun gaba nan yake ajiye takardu. Ina ta waige-waige sai idona ya faɗa kan rediyon da motar ta zo da ita, tsohuwa mai bakin kaset, bakin da tun da aka sayi motar ba wanda ya taɓa sa masa komai, don wa ke da kaset yanzu? Na tura layar ciki, na bi ta da bayan cokali har na ji ta faɗa can ciki. Na fito ina yaba wa kaina dabara. Shekara guda da wata uku tana ciki, Yaya na yawo da ita bai sani ba.

Ranar Talatar nan da ta wuce muna karyawa da kunu da ƙosai, Yaya ya shigo da wani kwali ya ajiye kan tabarma. Ya buɗe yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. Sabuwar rediyon mota ce aka kawo masa daga Yamai, mai gilashi kamar babbar waya. Ya ce tana kama karatu daga wayarsa ba tare da an jona komai ba, in zai yi baya kuma ta nuna masa abin da ke bayansa.

“Rabilu za ni ba aikin,” ya ce, bai kalle ni ba. “Shi ɗebe tsohuwar shi sa wagga. In ga aikin hannunai, in ga amanatai. In ya yi yadda nike so, manyanai su zo ran Lahadi a sa rana.”

Inna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta dafa kaina. Ni kuwa na ajiye ƙosan da ke hannuna. Shekara guda ina roƙon Allah wannan magana, ga ta ta zo, ta zo kuma da tsohuwar rediyo a hannu. Inna ba ta san inda na sa layar ba, ni kaɗai na sani.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na ciro waya daga ƙarƙashin filo.

“Rabilu kana nan?”

“Ina nan madam. Kin ji labari? Yau ko shayi ban iya sha ba don murna.”

“In ka ɗebe tsohuwar rediyon kak ka buɗe ta. Ka jefa ta inda ba mai gani.”

“Ba ya yiwuwa. Yayanki ya ce in aje ta, ya ba Umaru abokinai. Umaru za shi kai a buɗe a gyara bakin kaset, babanai na da kaset na karatu. Lahiya?”

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na rufe ido na tura.

“Akwai laya ciki. Ta Inna. Ni nas sa.”

Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Rabilu ya san labarin akwatin ƙarfe, ya taɓa ganin hannun Inna ranar da ya zo gaishe ta. Minti uku da suka yi mini kamar wuni, sannan saƙo ya shigo.

“Dakor, na ji. Bar mani, ni hidda ta kahin in ba su. Goge saƙon ga.”

Na goge. Amma zama ya gagare ni. Wajen sha biyu na sa atamfata kore mai zanen ganye, na zumbula dogon hijabi ruwan ƙasa wanda Yaya ya yarda in fita da shi, na ɗauki kwando na ce wa Inna za ni sayen kayan miya. Ko kasuwar ban kalla ba. Na tsaya tsallaken titi, bayan wani itacen bedi kusa da mai tuyar wainar gero, inda nake hango rumfar Rabilu shi ba ya hango ni.

Motar na tsaye a inuwa, an ɗaga murfin gaba. Yaya da Umaru suna zaune a benci suna kallo, Yaya ya harɗe hannu kamar mai duba jarrabawa. Rabilu ya sa rigar aikinsa shuɗiya, wankakkiya, har guga ya yi mata. Na ga ya fara cire kan batir, ya shiga motar ya ɓamɓare robar da ta zagaye rediyon a hankali da wani ɗan faifan roba don kada ya karce. Ya kwance kusoshi huɗu ya zuba su a murfin kwalba, ya zaro tsohuwar ya ajiye a kujerar gefe. Inda ta fito ya zama rami, wayoyi na reto, ja da rawaya da baƙi. Ya dinga fere bakin kowace da 'yar wuƙarsa yana haɗa ta da 'yar'uwarta ta sabuwar rediyo, yana naɗe su da baƙin salatif. Har Yaya ya taso ya leƙa, ya gyaɗa kai. Wallahi a lokacin sai da na ji hawaye, don ban taɓa ganin Yaya ya gyaɗa wa Rabilu kai ba.

Aka kira azahar. Yaya da Umaru suka tashi, Rabilu ya yi musu alama da hannu cewa yana tafe. Suna shan kwana ya jawo tsohuwar rediyon kan cinyarsa, a nan cikin motar, ya kwance murfinta da sauri. Na ga ya sa yatsu biyu ya ciro layar. Ya jefa rediyon kujerar baya, ya tsaya yana juya layar a hannu, wataƙila yana tunanin inda zai sa ta, don rigar aikin ba ta da aljihu.

Ni na fara ganin Yaya yana dawowa. Wayarsa ya manta a motar. Kafin in kira Rabilu, har ya iso bakin motar.

Ku tsaya ku ga abin da Yaya ya gani. Ga gaban motarsa a buɗe, rami ya hangame. Ga saurayin da ya shekara yana hana wa ƙanwarsa, zaune shi kaɗai, ya ƙi zuwa salla, da jar laya a hannu daidai bakin ramin. Ko ni ce ban san komai ba, cewa zan yi sa ta yake yi.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Ina isa na ji muryar Yaya, a kwance, irin wadda na fi tsoro.

“Mi ne wanga?”

Rabilu ya ɗago. Ya dubi layar, ya dubi Yaya.

“Tawa ta, Yaya.”

“Taka. Mi takai cikin motata?”

Yaya ya cafki wuyan rigarsa ya fizgo shi waje, goshinsa ya daki ƙarfen ƙofa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Kafin ya miƙe Yaya ya sa masa gwiwa a ciki. Ya faɗi yana neman numfashi, jini ya rufe masa ido ɗaya.

“Wa yat turo ka? Kashe ni kaka so, ko mallake ni za ka yi in ba ka ita?”

“Ba kowa. Tawa ta.”

A jikin rumfar akwai wayar tada batir a rataye, mai kauri, da haƙoran ƙarfe a baki. Yaya ya fizgo ta ya ninka biyu. Bugun farko ya tsaga rigar shuɗiyar nan tun daga kafaɗa. Na biyu haƙorin ƙarfen ya kama kunnensa ya yage. Umaru ya iso a guje da ruwan alwala a gemu, bai tambayi komai ba, ya ga laya a ƙasa kawai ya fara shuri. Mutanen tasha suka taru, 'yan kabu-kabu suka kashe babura. Wani ya ce asiri aka kama shi yana binnewa a mota. Wani daga baya ya ce dama motoci biyu da ya taɓa gyarawa sun yi hatsari, ƙarya tsagwaronta, amma nan take ta samu masu gaskatawa. Mutanen da kullum suke shan shayinsa suna kiransa injiniya, su ne na ji suna cewa a ƙara masa.

Rabilu bai rama ba ko sau ɗaya. Ya dunƙule ya rufe kansa da hannu. Da Yaya ya tsaya shan iska, Rabilu ya rarrafa ya kama bakin ƙofar motar zai miƙe. A nan idonsa mai gani ya faɗo kaina, ina tsaye cikin mutane da kwandon da ba komai a ciki. Ya girgiza mini kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Yaya ya ga hannun a bakin ƙofa.

“Wanga hannu ne kaka aikin da shi?”

Ya banko ƙofar da dukkan ƙarfinsa. Ya buɗe ya sake bankowa. Ƙarar da Rabilu ya yi ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Da ya zare hannun, yatsu uku sun karkace sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Hannun dama ne, wanda yake fere waya da shi, wanda yake ci da uwarsa da ƙannensa da shi.

Yanzu ga gaskiyar da na tara ku in faɗa. Zan iya ce muku na yi shiru ne don ya girgiza mini kai, kuma da yawanku za ku yafe mini. Ƙarya ne. Ko bai girgiza ba, ba zan yi magana ba. Kalma biyu ce, ni ce, tana nan a kan harshena tun bugun farko. Duk lokacin da na ɗaga ta sai in ga Inna zaune a kangon gidanmu na Geceme ita kaɗai, ba mai ɗebo mata ruwa. Na auna uwata da Rabilu a tsaye a wurin, na zaɓi uwata, na bar shi yana biya da ƙashinsa. Na tsani kaina a lokacin, kuma har yanzu da nake rubuta muku ban daina ba.

Wani tsoho mai facin taya ne ya ratsa mutane ya riƙe hannun Yaya.

“Ya isa, ɗana, za ka yi kisa. Buɗe abin a gani mana. In sunanka na ciki, ga jandarmomi can, ka kai shi.”

Yaya na haki. Ya yar da wayar, ya duƙa ya ɗauki layar da gefen rigarsa don kada ta taɓa fatarsa. Ya ɗauko 'yar wuƙar Rabilu daga cikin mota ya farke ɗinkin a kan murfin baya, mutane na turereniya su gani. Wani garin itace ya zubo, da ɗan gashin dabba, sai wata takarda da aka ninke ƙanana.

Tun kafin ya gama warware ta na gane ta. Takardar kaye ce, irin littafin rubutun 'yan makaranta mai ƙananan gidaje, an yage ta daga gefe. Na san littafin, nawa ne. Wata guda kafin Inna ta ba ni layar ta sa na rubuta mata suna da lambar motar, ta ce za ta aika ƙauye a yi wa Yaya addu'a. Ban taɓa kawo wa raina cewa takardar ce aka ɗinke a ciki ba.

Umaru ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta da ƙarfi.

“Lambar motarka ce wallahi. Amma sunan ba naka ba ne. Wa a Ɗantala?”

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba saboda kunya. Ɗantala take ce masa tun yana goye, har ranar da ya hana ta, kafin ma mu baro Geceme. Mutum uku ne a garin nan suka san sunan, kuma Rabilu ba ya cikinsu.

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, ya san rubutuna kamar yadda ya san nasa. Ya ɗago a hankali ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har ya same ni. Bai yi mamakin ganina ba. Ya dubi Rabilu da ke kwance cikin ƙasa da jini ya rungume hannu a ƙirji. Na ɗauka zai duƙa ya ɗaga shi. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya shiga mota ya murɗa makulli. Motar ba ta ce uffan ba, batir a cire yake. Ya fito ya bar ƙofar a buɗe, ya ture Umaru da ke tambayarsa lafiya, ya kama hanyar gida da ƙafa, ba ya sauri ba ya waige.

Inna na gida ita kaɗai, tana jiƙa gero, tana lissafin mutanen da za ta gayyata ran Lahadi.

Na yar da kwandon na durƙusa gaban Rabilu, a gaban kowa, ban damu da wanda zai gani ba. Na kama gefen hijabina ina share masa jinin ido, ina cewa ya yafe mini, ina cewa a kawo mota a kai shi likita, ban ma san me nake faɗa ba. Leɓensa ya fashe, haƙori ɗaya babu. Ya motsa baki, na kai kunnena.

“Mi kike yi nan?” ya ce. “Bi ta bayan kasuwa, ta lungun masu dawa. Kina riga shi isa.”

“Rabilu, hannunka...”

“Hannu ya riga ya karye, Hindatu. Tashi.”

Na tashi. Na tattare hijabina da jininsa a jiki, na bar shi kwance a ƙasa karo na biyu a rana ɗaya, na sheƙa a guje.